Na Nesa, Kun Ji Ni?

Shafi na 27

Masu turo mini saƙo cewa na bar Rahina tsaye a bakin kasuwa na tafi shan shayi, na ji ku. Ga ta nan ta shiga shagon. Ku kuma da kuka yi wa Yaya Mustapha wankin babban bargo a shafin baya, ku adana sauran zagin tukuna.

*

Rahina ba ta sake taka shagon nan ba tun ranar da aka ce mata mijinta Armiya'u ya rasu a hannun 'yan bindiga a dajin hanyar Zurmi. Damina biyu ke nan. Ta yi takaba, ta fita, ta koyi yin dariya daga farko, amma layin masu kayan wuta na kasuwar Ƙaura ko da gefen ido ba ta kallonsa.

Yau ga ta a ciki, bayan la'asar, ta naɗe hannuwa cikin hijabi.

Ƙanshin bai canza ba. Sabon kwali, dalma, da ƙurar da ke kwanciya a bayan sifikoki. Har ƙusar da Armiya'u yake rataye hularsa tana nan. Sai kewarsa ta taso mata ɗanya shar.

"Bismillah, ga kujera," in ji Malam Haliru.

Shi ne zai aure ta ranar Juma'a. Malamin sakandare ne, mutumin Shinkafi, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Ƙaura bayan abin ya faru, don haka bai taɓa ganin Armiya'u da idonsa ba. Shi ma ya binne matarsa. Mutum ne mai sanyi, aibinsa ɗaya a wajen Rahina: ko a wasa ba ya ƙarya. Ta taɓa aika masa da dambun nama ta tambaye shi ya ya ji, bawan Allah ya ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ta yi fushin yini guda, daga baya ta gane abin da ya sa ta yarda da shi ke nan.

Shi ya dage sai ta zo da kanta ta zaɓi sifikokin da za a sa a sabon gida.

"Ke za ki zamna cikinai," ya ce mata. "Kuma an ce mini duk layin ga babu mai kunne irin naki."

A bayan kantar shagon kuwa Yaya Mustapha ne, wan Armiya'u, wanda ke riƙe da shagon. Ya amsa gaisuwarta a daƙile, ya ci gaba da goge abin da ba ya buƙatar guga. Shi ne ya je bakin daji ya dawo da hular ƙaninsa ya ce an binne shi a can. Shi ne kuma ya ɗaga ranar aurenta har sau biyu da dalilan da ba su da kai ba su da gindi, sai da babanta ya buga ƙasa ya ce Juma'ar nan babu fashi.

"To, daga ina za mu fara?" Malam Haliru ya tambaya.

"Daga kicin," ta ce, ba tare da ta yi tunani ba.

Ya yi dariya. "Ba falo ba?"

"Can mace ta fi daɗewa, Malam."

Ta miƙa hannu ta ɗauko wata 'yar ƙarama mai caji, wadda tafin hannu zai rufe.

"Wagga ta isa. Tana da igiya, sai a rataye ta ga ƙusa nesa da tururi. In anka ɗauke wuta tana kai yini. Kuma ko ta faɗa cikin miya ba za ka yi kukan kuɗinta ba."

Irinta ce Armiya'u ya fara kawo mata suna amare. Duk sabon kayan da suka iso shago sai ya kwaso ɗaya ya kai gida, ya bi ɗaki ɗaki yana gwadawa, ita kuma tana faɗa masa inda ta ji daɗi da inda ta ji hayaniya. A haka ta koya. Yana da wata al'ada da duk kasuwar Ƙaura ta sani: ba ya hura makirfo, ba ya cewa halo-halo irin na sauran. Ƙwanƙwasa shi yake yi da bayan yatsa, ya ce, "Na kusa ku yi hanƙuri, na nesa kun ji ni?" A masallaci haka, a wajen walima haka. In a gida ne sai ya rage murya ya ƙara da, "Ta kicin, kin ji ni?"

Ita kuma ta buga ludayi a bakin tukunya, amsarta ke nan.

"Rahina?"

Ta dawo firgigit. "Na'am, Malam."

"Nac ce saura ɗakin Inna."

"Ya kunnenta?"

"Na dama ya yi nauyi. Tafsiri taka so da labarun rediyo, amma kullum cewa take mutanen cikin rediyo na magana da tuwo a baki."

"Ginin ƙasa na ko siminti?"

"Na ƙasa. Ta ƙi yarda a rushe."

"Ta yi daidai. Ginin ƙasa ba ya maido da sauti, shanye shi yake." Ta wuce manyan da ke ƙasa, ta nuna wata mai fuskar katako. "Kar ka sai mata mai dundu, dundun na ka cinye magana. Wagga murya take fiddawa tas. Ga rediyo ciki, ga wurin mimori. Kuma dubi abin murɗawar, babba na. Tsohuwa ba ta son ƙananan maɓallai, sai ta danna wani ta rasa malaminta ta ce jikoki sun ɓata mata."

"Wallahi kamar kin san ta."

"A aje ta ta gefen hagu, kusa da matashinta."

Malam Haliru ya juya ga Mustapha yana murmushi. "Alhaji, kun yi asarar ma'aikaciya."

"Uhm," in ji Mustapha.

Uhm ɗin nan ta ƙona wa Rahina rai, amma ta haɗiye.

Na uwar ɗaka ba ta daɗe a kai ba, kunya ta hana. Ta ce ƙanana guda biyu sun wadatar, katifa da labule za su tausasa sautin, a sa su daidai tsayin kunnen mutum in yana zaune. Tana faɗa tana kallon ƙasa. A ranta kuwa wani ɗaki take gani daban, mai shuɗin labule, ruwan sama na sauka a kan kwano, karatu na tashi a hankali daga saman durowa, wani mutum yana kwance yana gyara waya da haƙori. Ta san bai kamata ta shigo da wancan ɗakin cikin wannan ba. Ta yi istigfari a zuci.

"Yanzu sai falo," Malam Haliru ya ce yana murza hannu. "Nan kam ni za ni zaɓa. Waccan."

Ya nuna wasu dogaye guda biyu, kowace ta kai ƙirjin mutum, masu fitilu ja da kore suna zagayawa.

Rahina ta kasa riƙe dariya.

"Malam, gidan biki za mu buɗe?"

"Ina laifinsu?"

"Falon naka akwai silin?"

Ya sosa ƙeya. "Sai bayan biki."

"Ƙasa fa?"

"Tayil."

"To ka ji. Kwano a sama, tayil a ƙasa. In ka kunna waɗanga, kwanon na za shi riƙa rawa, kofunan cikin kabad su amsa mishi. Maƙwabta za su ji, kai da ke ciki ba ka jin komi sai gurnani. Ga shan wuta, batirin solarka ba ya kai su isha'i." Ta rage murya. "Kuma albashin malamin makaranta na, ga hidima gaba. Ka bar su ga masu gidan mai."

"An kashe ni da gaskiya," ya ce, yana dafe ƙirji.

"Kai ka koya mini."

Ta nuna masa matsakaiciya, 'yar doguwa da ake shimfiɗewa a ƙarƙashin talabijin, da akwatin dundunta guda.

"Akwatin a aje shi bisa darduma, kar a matse shi cikin kusurwa. In ka yi silin, ka ga da hali, sai a ƙara biyu a baya. Ba dole a sai komi rana guda ba."

"Na yarda. Amma sai na ji da kunnena."

"Yaya Mustapha, a haɗa muna."

Mustapha ya tashi da ƙyar, ya ja wayoyin ya cusa a bayan amfilifayar shago, wadda ake gwada komai da ita. Rahina ta bi hannunsa da ido. Akwai wata jar waya da ke fita ta saman ƙofa zuwa lasifikar da ke rataye a waje, wadda ake sa wa'azi don jawo masu saye. Dokar Armiya'u ce a zare ta kafin a haɗa wayar kowane baƙo, tun ranar da saƙon muryar wani Alhaji zuwa ga budurwarsa ya karaɗe layin gaba ɗaya. Ta buɗe baki za ta tuna wa Mustapha, sai idonta ya sake faɗawa kan ƙusar hular nan, maganar ta bi iska.

Malam Haliru yana ta lalube a wayarsa.

"Yawwa. Ga walimar saukar ɗan ƙanwata, makon jiya munka yi, can wani ƙauye gaba da Shinkafi, bakin iyaka. Yaron na da murya, za ki ji. Tun kafin a fara na kunna ɗauka, ki yi hanƙuri da hayaniyar farko."

Ya danna.

Hayaniyar taro ta cika shagon. Kukan akuya, jan benci, wata mata tana kiran yaro. Sautin ya fito tas, har Rahina ta gyaɗa kai, ta ji daɗin zaɓinta.

Sai aka ƙwanƙwasa makirfo da bayan yatsa.

Ƙwas. Ƙwas.

"Na kusa ku yi hanƙuri, na nesa kun ji ni?"

Rahina ba ta motsa ba.

Ta saba jin muryar nan. Tana jin ta in tana wanke-wanke, tana jin ta a cikin barci, har ta daina gaya wa kowa don kar a ce a kai ta wajen masu ruƙiyya. Don haka ta lumshe ido kawai, ta bar ta ta ratsa ta, tana jira ta wuce yadda ta saba wucewa.

Ba ta wuce ba. Mutanen cikin wayar suka amsa, "Mun ji!" Aka yi 'yar dariya. Sannan muryar ta yi ƙasa, ƙasa sosai, irin ta mutumin da ya ɗauka ya kashe makirfo.

"Ta Ƙaura, kin ji ni?"

Tsumman da ke hannun Mustapha ya faɗi. Ya yi tsalle ya fizge wayoyin gaba ɗaya, har akwatin dundun ya kife.

Shiru.

"Subhanallahi, Alhaji, lahiya?" in ji Malam Haliru.

Rahina ta buɗe ido a hankali. Ba wayar ta kalla ba, Mustapha ta kalla. Gumi ne ke tsattsafo masa a goshi.

"Malam," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Yaushe kac ce anka yi walimar ga?"

"Makon jiya. Ran Asabar."

"Kai ka ɗauka da hannunka?"

"Da hannuna."

"Mai haɗa lasifikar... ka gane shi?"

"Na gane shi mana, har ruwa na miƙa mishi. Wani dogo, siriri, ba ya son magana. Sun ce baƙo na, bai daɗe garin ba. Yana da tabon ƙuna nan ga babban yatsa." Ya nuna. "Mi ya faru, Rahina?"

Tabon dalma. Ita ta shafa masa man kaɗanya a kai da hannunta.

Ta miƙe. Ta dafa kantar shagon.

"Yaya Mustapha."

"Rahina, ki zamna."

"Takabar wa na yi?"

"Don Allah ki rage murya."

"Nac ce takabar wa na yi? Wa kunka yi wa salla babu gawa? Hular wa ka kawo mini na rungume ina kuka har idona ya kumbura?"

Malam Haliru ya dube ta, ya dubi Mustapha, ya dubi wayar da ke hannunsa. A hankali ya zauna a kan wani kwali.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Mustapha ya leƙa ƙofa, ya dawo ya durƙusa a gabanta, babban mutum da furfura a gemu.

"Shina da rai," ya ce da raɗa. "Wallahi shina da rai. Ki saurare ni, in kin gama ki tsine mini."

Ta so ta yi ihu, ta so ta yi sujada, ta so ta shaƙe shi. Farin ciki da baƙin ciki suka haɗu, hawaye suka ɓalle mata.

"Da sunka kama shi, sun gane ya iya gyara. Wayoyinsu, rediyonsu, solarsu. Sai sunka kwance mishi sarƙa sunka sa shi aiki. In ya ƙi su harbe shi. Waɗanda anka sako sun gan shi yana yawo cikin sansanin da sukundireba a hannu, babu ɗauri. Kin san abin da sunka zo sunka hwaɗa cikin gari?"

Ta girgiza kai.

"Sun ce ɗan rahoton ɓarayi na. Sun ce da ma can shi ka ba su labarin motocin da za su bi hanya. Sunanshi ya kai ga 'yan sa-kai, Rahina. Kin san ba su tambaya sau biyu."

"Ƙarya ta! Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa?"

"Ni na sani, ke kin sani. Wa za shi tsaya ya ji? Da ya samu ya gudo, ni ya kira. Na same shi bayan Kasuwar Daji, ƙafafu duk ƙaya. Na ce in ka shiga Ƙaura ba ka kwana. Na amshi hulatai, na sa shi mota ya yi arewa. Matacce kaɗai na ba a nema."

"Ni fa? Ni ba a iya gaya mini?"

"Da kin sani, da kin yi kukan da kinka yi? Duk unguwa ido na kanki. Kukanki na ya sa anka yarda."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Ashe hawayenta ma aiki aka sa su.

"Nusaiba na ce wa mutane ita marainiya ta," ta ce. "Ɗiyarshi. Ran Juma'a take zuwa ta yi mishi addu'a bakin ƙofa, don ba ta san inda kabarin yake ba."

Mustapha ya sunkuyar da kai.

"Auren ga fa?" Muryar Malam Haliru ce, a sanyaye. "Alhaji, da ka bari a ɗaura mini aure bisa auren wani?"

"Shi ya sa nike ta ɗagawa, Malam. Na yi ta roƙonai shi sake ta, ta yi idda, kowa ya huta. Ya ƙi. Ya ce in kashe shi da gaske ya fi mishi sauƙi. Na rasa yadda za ni yi. Jiya ko runtsawa ban yi ba."

Ya ƙi.

Rahina ta riƙe kalmar nan a ƙirji. Yana can bakin iyaka, a garin da ba wanda ya san sunansa, yana hawa bishiya yana ɗaura lasifikar mutane, kuma duk taron da ya haɗa sai ya tambaye ta ko ta ji shi. Ita kuwa tana nan tana zaɓar sifikar uwar ɗakan wani. Ta dubi Malam Haliru, tausayinsa ya kama ta, don bai yi mata komai ba sai alheri, kuma da hannunsa ya danna abin da ya rushe masa gida.

"Malam, ka yahe mini."

"Mi kinka yi?" ya ce. Idonsa ya yi ja. "Ba ki yi komi ba."

A lokacin ne ta lura da shirun.

Layin masu kayan wuta ba ya shiru da la'asar. Kowane shago da abin da yake kunnawa, ga masu babura, ga masu rake. Yanzu kuwa ko tari babu.

Ta ɗaga kai ta bi saman ƙofa da ido. Jar wayar tana lilo a cikin tarin da Mustapha ya fizge. A haɗe take lokacin da aka kunna.

"Yaya," ta ce. "Ba ka zare ta waje ba."

Mustapha ya juya. Ta ga lokacin da tsoro ya rufe masa fuska.

Duk layin ya ji. Layin da ya shekara goma yana jin mutum ɗaya yana ƙwanƙwasa makirfo da bayan yatsa.

Inuwa ta rufe ƙofar shagon.

"Salamu alaikum."

Gado ne, babban 'yan sa-kai na wannan shiyyar, wanda aka kashe wa ƙanne biyu a hanyar Zurmi. Bindigarsa ƙirar gida na rataye a kafaɗa, layu sun cika masa damtse. A bayansa mutane sun yi cirko-cirko, masu shaguna da masu saye, kowa ya miƙa wuya.

Babu wanda ya amsa sallamar sai Malam Haliru.

"Ina shan rake can tsallake," Gado ya ce, yana shigowa a hankali, "sai na ji wata murya da na daɗe ban ji ba." Ya dubi wayoyin da ke zube, ya dubi Mustapha a durƙushe, ya tsayar da ido kan Rahina. "Uwar Nusaiba, ke kin fi kowa sanin ta. Tsohuwar ɗauka ta, ko sabuwa?"

Yanzun nan aka dawo mata da mijinta, ko ɗumin labarin bai huce ba.

Ta goge hawayenta da gefen hijabi, ta dubi Gado ido cikin ido.

"Tsohuwa ta," ta ce. "Mijina ya rasu. Kowa ya sani."

Gado ya daɗe yana kallonta. Ya gyaɗa kai, har ya juya zai fita, sai idonsa ya sauka kan wayar da ke hannun Malam Haliru, fuskarta na haske.

"Daga wagga wayar ta fito?"

"Daga ita."

"To madalla. Malam, kai duk Ƙaura an shaide ka, ba a taɓa kama ka da ƙarya ba." Ya gyara zaman bindigar a kafaɗarsa. "Yaushe anka ɗauke ta?"

Rahina ta juya ta dube shi. In ya faɗi gaskiya, kafin Juma'a za ta zama bazawara ta gaske, wadda za ta halatta gare shi bayan takaba. In ya yi ƙarya, ya yi ta ne don ya ceci mijin matar da yake so.

Malam Haliru ya kife wayar a kan gwiwarsa.

Ya yi gyaran murya.